Wasiƙa Ga Ɗana A Kan Kukan Bel Ɗin Babur Ɗinsa

Ɗana,

Mu nan gida lafiya lau, mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka.

Na saurari saƙon da ka turo ta WhatsApp, na kuma saurari kukan babur ɗin da ka naɗa, duk da iska ta cinye rabinsa. Amsar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuta. Na kuma yarda a buga ta a fili, domin irin baburan nan masu bel suna shigowa hannun tsararrakinka, alhali mu masu gyara a ƙasar nan yawancinmu a kan sarƙa muka koyi aiki, da hannun sarƙa kuma muke taɓa bel.

Ga labarin yadda na fahimce shi, in akwai gyara ka faɗa mini. Ka sayi Harley-Davidson Sportster 883R na hannu. Ya yi maka tsawo, in ka tsaya a danja ƙafarka ba ta sauka ƙasa sosai, sai ka cire shokozobansa masu wajen inci 13 ka sa na inci 11. Ban ga laifinka ba a nan. Babur mai nauyin sama da kilo 250 ba abin riƙewa da yatsun ƙafa ba ne. Da ka gama, ka danna bel ka ji ya yi tauri, ka auna ka ga milimita 7 kawai yake lotsawa, littafi kuwa ya ce 14 zuwa 16. Hankalinka ya tashi, ka sassauta shi har ya kai abin da littafin ya faɗa. Daga nan ya fara dukan murfinsa fat-fat, in ka murɗa totur da ƙarfi kuma ka ji ƙas daga ƙasa. Ka kai wa wani mai gyara, ya ɗaure shi tam, ya kuma zuba masa baƙin mai don ya yi shiru. Yanzu kuka biyu kake ji: shewa mai tsawo da ke ƙaruwa da gudu, da wata tsuwa idan kana tafiya a hankali.

Kafin komai, ka kafe babur ɗin a gida. A yadda yake yanzu, kowace tafiya ɓarna take ƙarawa a wurin da ido ba ya gani.

Awon nan naka na farko, milimita 7, kusan daidai yake. Da ka bar shi a haka, da wataƙila wasiƙar nan ba ta taso ba. Ina so ka gane dalili sosai, domin in ka gane shi ba mai sake ruɗa ka, ko mai gyara ko littafi.

Wurare uku ne suke yanke hukuncin taurin bel. Na farko fulin gaba, wato ƙaramin faifan nan mai haƙora da ke bakin akwatin giya. Na biyu ƙusar da hannun baya yake lilo a kanta, hannun baya kuwa shi ne ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe da tayar baya. Na uku aksul, sandar da tayar take juyawa a kanta, wadda ita ce tsakiyar fulin baya. To, fulin gaba da ƙusar ba a wuri ɗaya suke ba, ƙusar tana bayansa da ɗan tazara. Miƙe hannunka na dama ka gani. Kafaɗarka ita ce fulin gaba, gwiwar hannunka ita ce ƙusar, tafin hannunka shi ne aksul. Tafin ya fi nisa da kafaɗa ne lokacin da hannun ya miƙe sak. Da ka lanƙwasa gwiwar, tazarar ta ragu. Haka abin yake a babur: idan wuraren uku suka hau layi ɗaya, a nan fulin gaba da na baya suka fi nisa da juna, a nan bel ya fi tauri. Idan aksul ya sauka ƙasa da layin, ko ya haye samansa, bel yakan saki.

Da dogayen shokozoba, babur ɗinka yana tsaye ne aksul ɗinsa can ƙasa da layin. Shi ya sa kamfani ya ce a bar masa 14 zuwa 16. Sun san idan ka hau, ka ɗauki wani, ka faɗa rami, tayar za ta yi sama, aksul ya matso layin, wannan sakin ya cinye kansa. Sakin da ka gani a tsaye ajiya ce aka yi wa ramin da ke gaba. Da ka sa gajerun shokozoba, ba ka matsar da aksul baya ba, ba ka rage tsawon bel ba, wurin da ya fi tauri yana nan inda yake. Abin da ka canza shi ne inda babur yake hutawa. Yanzu tun yana tsaye, ba kowa a kansa, ya riga ya kusa layin. Saboda haka ajiyar da yake buƙata kaɗan ce.

Ba ra'ayina ba ne wannan. Buɗe littafin gyaran Sportster na shekarun babur ɗinka, za ka ga lamba biyu a tebur ɗaya. Masu dogayen shokozoba irin 883R an ba su milimita 14 zuwa 16. Waɗanda kamfani ya fitar a guntaye tun daga masana'anta, irin su Iron 883 da Nightster da Forty-Eight, an ba su 6 zuwa 8. Zubin firam ɗaya ne, hannun baya ɗaya, tsayi ne kawai ya raba su. Ranar da ka sauke naka, ka fitar da shi daga layin farko na teburin ka mayar da shi kusa da na biyu. Sunan da ke jikin tanki bai canza ba, amma lambar da ta dace da shi ta canza. Kai kuwa ka bi sunan.

Yanzu dubi abin da ya biyo baya. Da ka ba shi 15 alhali yana kusa da layi, sai ya zama ba inda bel zai yi taurin da ya kamata. Shi ya sa yake kaɗawa yana dukan murfi. Ƙas ɗin nan da ka ji kuwa ita ta fi damuna, domin alama ce ta haƙoran bel sun hau kan haƙoran fuli sun tsallake. Duk tsallake ɗaya yana fizgar zaren da ke cikin bel, yana kuma cin gindin haƙori. Bel yana iya shan wannan wahala yau, ya yi shiru, sai bayan watanni ya tsinke a tsakiyar hanya ba sallama.

Mai gyaran kuma ya kai ka ɗaya gefen. Ba zan zage shi ba, ya yi abin da ya sani ne. A wurinsa bel shi ne fambel na mota ko na injin niƙa, wanda yake ja da gogayya, in ya yi ƙara a ƙara ɗaure shi. Naka ba irinsu ba ne. Da haƙori yake ja, kuma zaren da ke cikinsa ba ya miƙewa. Harley ta fara sa irin wannan bel a 1980 a kan wani babur mai suna Sturgis, tare da kamfanin Gates na Amurka, da zaren aramid, wanda aka fi sani da Kevlar, irin da ake rigar sulke da shi. Sportster ta fara samun bel a 1991, zuwa 1993 duk sun koma kansa. Abin da ba ya miƙewa, in ka ja shi fiye da ƙima, ba shi zai ba da kai ba. Boris ɗin da ke bayan fulin gaba ne zai sha, da sil ɗin da ke tare mai a wurin, da boris ɗin tayar baya. Ka kuma sani, Sportster ta 2004 zuwa sama ba ta da ƙofar da ake zaro giya ta gefe kamar tsofaffin. In boris ɗin nan ya ci, sai an sauke inji an raba shi biyu. Ka lissafa kuɗin wannan aiki a Abuja, da wanda zai yi maka shi, da watannin jiran kaya, duk a kan juyi biyu na noti.

Akwai ƙarin abu. Bel yana ƙara tauri in babur ya yi zafi, domin fulin baya na alminiyam ne, yana buɗewa da zafi, inji ma haka, zaren bel kuwa yana nan yadda yake. Wanda aka ɗaure tam da safe, da azahar a kan kwalta ya wuce tam. Shi ya sa ba a awo sai babur ya huce, gara ma da sassafe kafin a tayar da shi.

Man nan ka wanke shi yau. Ruwa da sabulu da tsohon burushin haƙori, haƙori bayan haƙori, kana juya tayar da hannu. Kada ka sa fetur ko kananzir. Bel ba ya son mai ko giris, ba ya son abin fesawar nan na fambel. Mai yana kama yashi, yashin ya zauna tsakanin haƙora yana goge fatar ƙarfe mai tauri da aka lulluɓe fulin baya da ita. In ta tafi, alminiyam ɗin da ke ƙasa ba ya jimawa, haƙoran su yi kaifi, su koma cin bel. Ina roƙonka da babbar murya: kada ka taɓa kai hannu ko tsumma kusa da bel inji yana aiki, taya a sama. Na san masu gyaran da suka rasa yatsu a bakin sarƙa ta wannan hanya, bel kuma bai fi ta tausayi ba.

To, sai maganar kunne, wadda ita ce rabin sana'armu. Yaran yanzu da sun ji ƙara sai su ɗauki sifana. Ni nakan ce a saurara tukuna, domin kowane kuka da mai shi, kuma ba duk kukan da ya fito daga ƙasan babur ne na bel ba.

Bayan ka wanke shi ka mayar da taurinsa yadda zan faɗa maka a ƙasa, nemi hanyar da ba motoci, da safe. Ɗauki gudu matsakaici, ka kama kuloci, ka saki totur, ka bar babur ya gangara. Inji zai sauka. In kukan ya sauka tare da shi, ba bel ba ne. Nemi abin a inji, ko a sarƙar da ke cikin murfin hagu, wadda ke haɗa inji da kuloci, domin ita ma tana da nata awon. In kuwa inji ya yi ƙasa kukan yana nan, yana raguwa ne kawai yadda gudu ke raguwa, to daga fulin gaba zuwa tayar baya yake. Ka riga ka rage rabin wurin nema ba ka kwance noti ko ɗaya ba.

Shewa mai tsawo, wiii, wadda take hawa da gudu, kukan tauri ce. Ka lura ko tana ƙaruwa in ka ɗauki mutum a baya, ko in babur ya nutsa a kwari. In haka ne, ba sauran shakka, aksul ne yake isa layi bel ba shi da sauran ajiya. Amma kada ka sa rai bel zai yi shiru ɗif. Yana da ɗan sautinsa na haƙora suna shiga suna fita, kuma babur da aka sauke ya fi zama kusa da wurin tauri, don haka kana iya jin sautin fiye da da. Wannan ba ciwo ba ne. Ciwo shi ne shewar da take rufe ƙarar inji.

Tsuwa kuwa, tsit-tsit ɗin nan ta tafiyar hankali, yawanci daga gefen bel take fitowa, inda yake gogar leɓen fuli. Gwajinta da sauƙi. Cika gorar ruwa, huda murfin, fesa wa bel, ka hau. In tsuwar ta ɗauke, ta dawo bayan ya bushe, gogayya ce: ko ƙura, ko tayar ta karkace. A hunturu ƙura kaɗai takan sa bel lafiyayye tsuwa, wanki ya ishe shi. In kuwa ruwa bai canza komai ba, bar bel ka duba wani wuri. Ɗaga tayar, kama ta sama da ƙasa ka girgiza ta gefe da gefe. In ka ji tana wasa, ko ka juya ta ka ji gurnani, boris ne. Duba birkin baya ma, ko yana riƙewa.

Ina zargin tayarka ta karkace, domin mutum biyu sun taɓa notocin awo, waɗanda ake matsar da aksul da su, a cikin ɗan lokaci, kuma ban ji ka ce wani ya ƙirga juyi ba. Kada ka yarda da ido a nan. A jikin ƙafafun hannun baya akwai ɗan rami da kamfani ya huda a kowane gefe saboda wannan aiki. Samu waya mai ƙarfi, lanƙwasa bakinta ka sa a ramin, ka yi alama inda ta kai tsakiyar aksul, sannan ka kai ta ɗaya gefen. Dole alamar ta faɗa wuri ɗaya. Bayan haka juya tayar gaba sau da yawa kana kallon bel a kan fulin baya. Ba dole ya zauna a tsakiya cif ba. Yakan gangara gefe ɗaya in ana tafiya gaba, ya koma ɗaya gefen in an tura babur baya, wannan ɗabi'arsa ce. Abin da ba a so shi ne ya manne wa leɓe yana neman hawansa, ko ka ga gefensa yana sheƙi, ko baƙin gari ya taru a kan rim. In ka daidaita aksul bel ya ƙi zama, duba robobin da inji da hannun baya suke zaune a kansu, domin Sportster daga 2004 a kan roba take, in sun mutu komai yakan goce.

Sai kukan da yake zuwa yana dawowa, ɗas, shiru, ɗas. Ga dabara. Haƙoran bel ɗinka sun kai wajen ninki biyu na haƙoran fulin baya, don haka taya takan juya kusan sau biyu kafin bel ya zagayo sau ɗaya. Yi alama da alli a taya, ka yi wata a bel, ka juya da hannu kana saurare. In ɗas ɗin tana zuwa da kowane juyin taya, laifin yana taya ko fulin baya. In sai bayan juyi biyu, yana jikin bel, kuma sau da yawa tsakuwa ce. Tsakuwa ita ce babbar abokiyar gabar bel a hanyoyinmu. Takan faɗa tsakaninsa da fuli, fuli ya danna ta ta huda shi. In ramin yana tsakiya kuma ƙarami ne, littafi ya yarda a ci gaba ana sa ido. In ya taɓa gefe, bel ya gama aiki. Shi ya sa murfin ƙasan nan na roba, wanda samari ke cirewa wai don kyau, nake so ka bar shi inda yake. Na ji wasu suna ba da shawara a mayar da babur kan sarƙa gaba ɗaya. Wanda kullum yake hanyar burji yana da hujja. Kai da kake kan kwalta, ban ga dalili ba.

Ka buɗe murfin fulin gaba ma, a gefen dama, ko da ba ka ji komai daga can ba. In ka ga jan gari kamar tsatsa a kewayen babban notin, ko fulin yana motsi in ka kama shi, notin ya saki, haƙoran shaf suna cin juna. In ka ga jiƙar mai, sil ya fara ba da kai saboda taurin da aka yi masa. Ka gaya wa duk wanda zai taɓa notin nan cewa zarensa na hagu ne, ana kwance shi ta inda ake ɗaure sauran. An lalata da yawa saboda rashin sanin wannan.

Yanzu awo. Ana danna bel ne a tsakiyar zubinsa na ƙasa, tsakanin fuli da fuli, a tura shi sama da ƙarfin kilo 4.5, a ga milimita nawa ya lotsa. Ƙarfin nan ba a ƙiyasta shi da yatsa. Yatsanka da na mai gyara ba ɗaya ba ne, naka na safe ma ba ɗaya yake da na yamma ba. Akwai ɗan ma'auni mai sifirin da ake sayarwa don wannan, ba shi da tsada, ka yi odarsa. Kafin ya iso, sikelin rataya da igiya mai laushi za su yi, in ka samu wanda zai riƙe maka rula. Giya a furi, babur a sanyi. Karanta kuma yanayin da littafinka ya ce a auna, domin tsofaffin littattafai sukan ce da mutum a kai, na baya-baya kuma ba kowa a kai. Lamba ba ta da amfani in an raba ta da yanayinta. Kada ka auna wuri ɗaya ka tashi. Fuli ba ya rasa ɗan rashin daidaito, shi ya sa bel yake da inda ya fi tauri. Juya tayar ka auna wurare huɗu ko fiye, ka yi wa mafi tauri alama da alli, da shi za ka yi aiki.

Amma tunda shokozobanka ba na kamfani ba ne, ina so ka yi abin da ya fi bin lamba, sau ɗaya tak, ka huta. Sa jak a ƙarƙashin firam, ka ɗaure babur kada ya faɗi, ka tallafi tayar baya, ka cire shokozoba biyun. Yanzu hannun baya yana hawa yana sauka yadda kake so. Ɗaga tayar a hankali da wani jak ko da katakai, kana miƙa zare daga tsakiyar fulin gaba zuwa tsakiyar aksul, har zaren ya bi ta tsakiyar ƙusar. Nan ne iyakar taurin da bel zai taɓa gani. Danna shi a nan. Dole ya ɗan lotsa, dole tayar ta juya da hannu ba tare da ta cije ba. In ya zama kamar ƙarfe, sassauta. Daga nan ci gaba da ɗaga tayar har inda gajerun shokozoban za su ƙare in sun nutse duka, ka leƙa ka ga me ke taɓa me. Sannan ka mayar da shokozoba, ka sauke babur, ka auna. Ina sa ran za ka samu wani abu kusa da 6 zuwa 8. Duk abin da ka samu, rubuta shi a bangon littafin, tare da tsawon shokozoban. Ita ce lambar babur ɗinka daga yau, ita za ka nuna wa duk mai gyaran da zai taɓa shi. Matsalar nan ba ta Harley kaɗai ba ce, ta duk babur ce da fulinsa da ƙusarsa suke a rabe. Kamfanin Buell ya magance ta a baburansa na XB da ƙarin wata 'yar taya da ke danne bel daga ƙasa, yadda taurin ba ya canzawa sosai duk inda hannun ya kai. Naka ba shi da ita, kai ne za ka yi lissafin.

Wajen ɗauri, sassauta notin aksul, ka juya notocin awo na hagu da dama daidai wa daida. Noti fuska shida gare shi, da fuska za ka ƙirga, ɗaya nan ɗaya can. Za ka yi mamakin yadda fuska biyu ke canza awo. Ɗaure aksul da sifana mai awon ƙarfi gwargwadon littafi, ka mayar da makullinsa, sannan ka sake auna bel da daidaiton taya, domin ɗaurin kansa yakan motsa su. Abu ɗaya kuma za ka riƙa canzawa kafin ka gwada. In ka taɓa tauri da daidaito da murfi a lokaci guda kukan ya tafi, ba ka san wanne ne ba, ranar da ya dawo ka koma farko.

Tunda bel ya tsallake haƙori, sai ka duba shi kaf da tocila. Ƙananan tsage kamar gashi a cikin haƙori, ko ɗan zare da ya yi buzu-buzu a gefe, ana iya tafiya da su ana lura. Tsagewa a gindin haƙori daga waje, ko haƙori da ya fita, sai sabo. In haƙoran sun cinye ta gefe ɗaya sun yi ƙugiya, bel da fuli za a canza tare, domin tsohon fuli zai cinye sabon bel. Gwada fulin baya da bakin wuƙa a cikin kwarin haƙori, a hankali: in ta zame ba ta bar alama ba, fatar tana nan, in ta karce, ta tafi. In ka sayi sabon bel, kada ka bari a naɗe shi ƙanƙane don ya shiga jaka, kada a lanƙwasa shi ta baya, kada a tura shi kan fuli da sukuddireba. Zaren cikinsa yakan karye ba a gani.

Wani kukan kuma ba ruwan bel, saukewar ce ta kawo shi. Inci biyu da ka rage, daga filin da ke tsakanin taya da madogadi aka cire su. Wayoyin fitilar baya ta ƙarƙashin madogadin suke bi. Leƙa da tocila ka ga ko taya ta fara goge su, ko kan wani noti ya yi sheƙi. Shafa alli a murfin bel na sama da na ƙasa da cikin madogadi, ka ɗauki abokinka ku haye tudun rage gudu a hankali, ka dawo ka ga inda allin ya goge. Ka tabbata sifirin ɗin shokozoban hagu da na dama a mataki ɗaya suke. Ƙafar jingina ma yanzu ta yi wa babur tsawo, yana tsayawa kusan a miƙe, iska ko yaro na iya tura shi ya faɗi ta dama, sai ka kula da inda kake kafe shi. Fitilar gaba ta ɗaga kai tunda baya ya sauka, ka gyara ta kada ka makantar da masu tahowa. Salansa da matakin ƙafa kuma za su taɓa ƙasa a kwana da wuri fiye da yadda ka saba. Wannan ta fi kukan bel haɗari, domin ƙarfen da ya daki kwalta a kwana yana iya ɗage tayar baya.

In da ka tambaye ni tun farko, da na ce a fara rage soson kujera, a sa shokozoba na inci 12, a ga ko ƙafarka ta sauka. Gajeren shokozoba tafiyarsa kaɗan ce, ramin da ya kasa shanyewa bayanka ne zai shanye shi, kuma ka san hanyoyinmu. Har yanzu ƙofar nan a buɗe take, kada ka sayar da tsofaffin. In ka sake canza tsayi, ka sake awo daga farko.

Mahaifiyarka ba ta son babur ɗin nan, ka sani. Ni ban hana ka ba, domin da irin wannan ƙarfe na ciyar da ku, na kuma san daɗinsa. Abin da na roƙa shi ne hular kwano a kanka ko da masallacin unguwa za ka, da kuma kada ka hau abin da kake shakkar lafiyarsa.

Ka turo mini awon wurare huɗun nan, da hoton gefen bel a kan fulin baya, da na bayan fulin gaba bayan ka cire murfi, da na cikin madogadi. Ka ɗauke su da rana, kusa-kusa. Kafin in gan su, kada ka hau hanyar Kaduna da shi. In za ka zo ƙarshen wata, ka biyo jirgin ƙasa, ƙaninka zai ɗauko ka a Rigasa. Ka gaishe mini da mai ɗakinka da yara.

Allah ya tsare, ya yi maka albarka.

Mahaifinka.